Sabon zuwa Birtaniya: sa sunanka a rajistar zaɓe tun kafin ka gama kwance kaya

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato sai in ji magana iri ɗaya daga bakin ƙannenmu da suka iso kwanan nan: "Ai mu baƙi ne, ina ruwanmu da zaɓensu." Ni ma na yi wannan wautar, shi ya sa ba na iya yin shiru.

In kai ɗan Nijeriya ne, ko Gana, ko Kamaru, kuma kana da izinin zama na halal, ko da bizar karatu ce, doka ta ba ka damar jefa ƙuri'a a babban zaɓe da na ƙananan hukumomi, saboda ƙasarka tana cikin Kwamanwel, ƙungiyar da yawancin ƙasashenta rainon Ingila ne. 'Yan'uwanmu na Nijar ba sa ciki, sai sun samu takardar zama 'yan ƙasa. Amma a Sikotilan da Wales, duk baƙon da ke da izinin zama yana iya zaɓen majalisar yankin da na ƙananan hukumomi. Kada wanda ke Amurka ya karanta wannan ya ruɗe: can, wanda ba ɗan ƙasa ba ya jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ya aikata laifin da zai iya sa a kore shi.

Tsarin kansa ba shi da wuya. Ba ka zaɓen firaminista da hannunka. An raba ƙasar mazaɓu 650, kowacce ta tura mutum ɗaya majalisar wakilai, wanda ya fi ƙuri'a ko da da ɗaya ce shi ya ci. Shugaban jam'iyyar da ta samu rinjaye shi Sarki ke gayyata ya kafa gwamnati. Shi ya sa a watan Yulin 2024 jam'iyyar Leba ta kwashe kujeru sama da 400 da kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙuri'u, shi ya sa kuma Rishi Sunak ya zama firaminista a 2022 ba tare da an yi babban zaɓe ba. Ranar Alhamis ake yin zaɓen, daga bakwai na safe zuwa goma na dare, da fensir da takarda.

Inda na sha wuya shi ne rajista.

Gidan da na fara zama, mu biyar ne a ciki. Wasiƙar ƙaramar hukuma ta zo tana tambayar waɗanda ke zaune a gidan, mai gidan ya ce kada kowa ya cike, wai za ta jawo mana matsala da biza. Na yarda, don a lokacin ganin ambulan mai tambarin hukuma kaɗai kan sa gabana ya faɗi. Ashe shi ne ba ya so a san yawan mutanen da ya cusa a gidan. Mai gida ba shi da ikon hana ka rajista, kuma ƙin amsa wannan wasiƙa ta shekara-shekara na iya jawo tara. Bayan wata takwas na nemi wani gidan haya, dillalai suka binciki tarihin bashina suka ce ba su ga alamar ina zaune a ƙasar ba. Kamfanonin da ke tantance masu neman bashi suna duba rajistar zaɓe don tabbatar da adireshi. Sai da na nemo wanda zai tsaya mini.

Na yi rajistar daga baya, na sake ƙaura a 2019, na ɗauka tunda ina biyan harajin gida a sabon wurin sunana zai bi ni. Ba ya bi. Ranar 12 ga Disamba, ranar babban zaɓe, na fita cikin sanyi zuwa wurin zaɓe bayan na tashi aiki, matar da ke riƙe da jerin sunaye ta duba sau biyu, ta ce ba na ciki. An rufe rajista tun 26 ga Nuwamba. Na koma gida kamar wanda ruwa ya ci.

Abin haushin, aikin minti biyar ne a shafin gov.uk, da lambarka ta inshorar ƙasa, wato lambar da hukuma ke ba ka don aiki da biyan haraji. Kowace ƙaura, sabuwar rajista. Akwai wurin da za a tambaye ka ko kana son sunanka a buɗaɗɗiyar rajistar da ake sayar wa 'yan kasuwa. Ka ce a'a, wannan ba ya taɓa ƙuri'arka.

Tun 2023 kuma sai da shaida mai hoto a Ingila. Fasfon ƙasarka ya isa, ko da ya ƙare, matuƙar hoton yana kama da kai, kuma sunan ya yi daidai da na rajista. Mu masu Muhammad a nan, Mohammed a can, sai mu kula. Katin da ake aiko maka ta gidan waya ba shaida ba ne, wurin zaɓenka kawai yake nunawa.

Ina alfahari da dattawanmu da suka riga mu zuwa, waɗanda ba sa fashin ko zaɓen kansila na watan Mayu. Su suka nuna mini cewa ɗan majalisar mazaɓarka yana da ranakun ganin jama'a, kuma ofishinsa na iya rubuta wa ma'aikatar cikin gida idan takardunka sun maƙale. Abu na farko da za su tambaye ka shi ne adireshinka, don su tabbatar kai nasu ne.