Tsara jerin magunguna a manhajar rubuta magani

'Yan uwa ma'aikatan lafiya na Garwa da Marwa, idan za ku tsara jerin magunguna a manhajar rubuta magani, ku fara da abin da ake samu a ɗakin maganin asibitinku, sannan ku gwada shi da magungunan da CENAME, cibiyar samar da magunguna ta ƙasar Kamaru, ke rabawa. Ku shigar da kowanne da sunansa na asali, wato DCI, sunan bai-ɗaya da aka san maganin da shi a duk duniya, domin sunan kamfani yakan canza. Abin da ya fi damuna shi ne ƙarfin magani: amoxicilline ƙwaya mai 500 mg da na ruwa mai 250 mg cikin 5 ml, kowanne ya samu layinsa daban, kada a cikin gaggawa a rubuta wa yaro na babba. Mai harhaɗa magunguna ya duba jerin kafin likitoci su fara aiki da shi.