Kurakuran da Ake Yi a Farkon Shuka a Ƙaramin Lambu, da Yadda Ake Gyara Su

Yawancin asarar da mai ƙaramin lambu yake yi, tun a makonnin farko na shuka ake ƙulla ta, sai dai ba ta bayyana sai ranar da aka zo ɗiba. Kuma in ka bi diddigi, gaggawa ce uwar kusan dukkanta.

Da zarar yanayi ya juya, sai mutum ya ƙagu ya ɗauki fartanya. Amma kaftun ƙasa tana jiƙe sharkaf, musamman mai laka, dunƙule ta yake yi, in ta bushe saiwa ba ta iya ratsa ta. Ɗebi ƙasar a tafin hannunka ka matse, sannan ka taɓa ta da yatsa. In ta warwatse, bismillah. In ta tsaya a dunƙule tana manne wa hannu, ka ƙara mata kwana biyu ko uku.

Sai taki. Ɗanyen kashin kaji ƙone ƙananan tsiro yake yi, ɗanyen kashin shanu kuma yakan zo da irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. A bar shi ya ruɓe har zafinsa ya fita, warinsa ya koma na ƙasa. In ɗanyen ne kawai a hannu, a cuɗa shi da ƙasa tun da wuri: ga abin da ke taɓa ƙasa kamar latas da karas, a ba shi kamar kwana 120 kafin girbi. Takin zamani ma ana wuce gona da iri da shi. Tumatirin da aka cika wa yuriya zai yi ganye shar, abin sha'awa, amma 'ya'ya kaɗan.

Iri kuwa, kada ka yarda da shi don kawai yana cikin leda mai kyau. Irin albasa ba ya daɗewa, daga shekara ɗaya zuwa biyu ƙarfinsa ya ragu. Naɗe ƙwaya 10 a jiƙaƙƙen tsumma, ka ajiye a wuri mai ɗumi, ka duba bayan mako guda ko kwana 10. In huɗu ne suka tsiro, ka san matsayinka tun kafin ka ɓata wuri. Wanda kuma aka rubuta wa F1, wato irin da aka samar ta hanyar haɗa iri biyu daban-daban, kada ka ajiye 'ya'yansa don baɗi, ba za su fito kamar uwarsu ba.

Inda abin ya fi ba ni takaici shi ne wurin renon iri, domin a nan ake kashe shuka da sunan kula da ita. Ana binne ƙwaya da zurfi, alhali ninki biyu ko uku na kaurinta ya isa, irin latas ma ƙasa kaɗan ake barbaɗa masa. Ana watsa iri a cunkushe, sannan a riƙa kwarara ruwa safe da yamma. Wata safiya sai ka tarar tsiron ya kwanta, in ka ɗaga ɗaya ka ga gindinsa ya tsuke ya yi baƙi daidai inda ya haɗu da ƙasa. Wannan cutar funfuna ce, danshi da rashin iska ne ke kiranta, kuma wanda ya kwanta ba ya tashi. Maganin shi ne a shuka a layi, a rage tsiron da ya yi yawa ba tare da jin tausayi ba, a yi ban ruwa da safe, a bar saman ƙasa ya ɗan sha iska kafin a ƙara.

Yanayin ma a lura da shi. Tumatir ya fi tsirowa tsakanin digiri 20 zuwa 30, latas kuma in zafin ƙasa ya haura 30 sai ya ƙi fitowa. A wuraren da sanyi ke daskarar da raɓa, dare ɗaya ya isa ya kashe tumatir da tattasai, don haka sai an tabbata wannan sanyin ya wuce.

Dashe shi ma ba a yi masa farat ɗaya. Tumatir yakan kai dashe a mako 4 zuwa 6, tattasai da albasa 6 zuwa 8. Kafin nan, a ɗauki kwana 7 zuwa 10 ana rage masa inuwa da ruwa sannu a hankali, ya saba da rana da iska. A jiƙa wurin reno kafin a cire, a ɗauko shi da ƙasarsa, a dasa da yamma, a ba shi ruwa nan take. Tumatir ana iya nutsa shi har kusa da ganyen farko, domin karansa na fitar da saiwa. Karas ba ya son dashe ko kaɗan, kuɓewa ma gara a shuka ta inda za ta zauna.

Tazara fa? Tumatir na bukatar santimita 45 zuwa 60 tsakaninsa da ɗan'uwansa. Ranar dashe wurin zai yi kamar an yi almubazzaranci da ƙasa, bayan wata guda za ka gode.

Kada kuma a maimaita dangi ɗaya a wuri ɗaya. Tumatir, tattasai, gauta da dankalin turawa duk 'yan gida ɗaya ne, cutarsu ɗaya, saboda haka canza tumatir da tattasai ba canji ba ne. A sa wake ko albasa ko kabeji a wurin, a bar shi shekara uku kafin tumatir ya dawo. Latas kuwa a shuka shi kaɗan-kaɗan duk bayan mako biyu, in ba haka ba zai isa ɗiba rana ɗaya, rabinsa ya yi tozo ya yi ɗaci kafin a kai gare shi.