Yadda za ka kare furannin tukunya a lokacin hunturu

Furen tukunya ya fi na ƙasa shan wuyar sanyi, domin 'yar ƙasar da ke rufe da saiwarsa ba ta da yawa.

1. Tun kafin sanyi ya kankama, tattara tukwanen a gindin katanga, inda rana ke samunsu, iska kuma ba ta bugawa.

2. Rage ban ruwa. A nan aka fi kashe fure, garin tausayinsa. Cusa yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. In ka ji danshi, ƙyale ta. In ta bushe, zuba da safe, ba da daddare ba, don ruwa na daskarewa a digiri 0.

3. Baza busasshen ganye a saman ƙasar, kaurin santimita 5, kada ya taɓa karan.

4. Daren da sanyi ya tsananta, lulluɓe su da tsohon zani ko buhu. Guji leda, in ta manne wa ganye sanyin ratsa ta yake yi. Da hantsi ka yaye.

5. Dakatar da taki. Ganyen da sanyi ya ƙona kuwa, kada ka yanke sai gari ya fara ɗumi, shi ke kare tohon da ke ƙarƙashinsa.