Yadda ake kulle inji kafin a sa hannu a cikinsa

Cikin ma'aikatan da ake tunawa da su ranar 28 ga Afrilu, ranar tunawa da waɗanda suka mutu ko suka ji rauni a bakin aiki, akwai waɗanda inji ya tashi suna tsakiyar gyaransa. Ga yadda ake hana hakan.

1. Sanar da masu aiki da injin cewa za a tsayar da shi.

2. Kashe shi, sannan ka sauke babban makunnin wutarsa. Maɓalli kaɗai ba abin dogaro ba ne, kowa na iya danna shi.

3. Sa kwado a makunnin, makulli a aljihunka. In ku uku ne masu gyaran, kwado uku, kowa da nasa. Rataya kati mai ɗauke da sunanka.

4. Nan aka fi yin sakaci. Ko an yanke wuta, akwai sauran ƙarfi a jikin injin: iska ko mai da ke matse a bututu, sifirin a ɗame, kafasito (na'urar da ke ajiye wutar lantarki) mai caji. Saki matsin, sauke cajin, jira fanka ta tsaya cak, ka tokare duk abin da ke rataye.

5. Danna maɓallin tayarwa, ka auna wayoyin da mita. In ba motsi ba wuta, mayar da maɓallin a kashe, ka fara aiki.

6. Da an gama, a kwashe kayan aiki, a mayar da murfi, kowa ya matsa. Mai kwado ne kaɗai zai cire kwadonsa.