Yadda Za Ka Rage Ƙiba Ka Koma Motsa Jiki Bayan Shekara Arba'in

Da yawa daga cikin magidanta da iyayen gida, idan suka haura shekara arba'in, sai su lura cewa tumbi ya fara turo riga, hawa bene ya zama aiki, kuma dogon tsugunno yana neman gagarar gwiwa. Abin da aka saba faɗa shi ne girma ne ya zo, jiki ya daina ƙona abinci kamar da. Wannan magana ba ta cika gaskiya ba. Wani babban bincike da aka buga a mujallar Science a shekarar 2021, wanda ya auna mutane fiye da 6,000 a ƙasashe 29, ya nuna cewa yadda jiki yake ƙona abinci ba ya sauyawa sosai tsakanin shekara 20 da 60. Abin da yake sauyawa shi ne rayuwar mutum: wanda a da yake taka sayyada zuwa makaranta ko gona, yanzu yana wuni a kan kujerar ofis ko bencin shago, daga nan sai mota ko adaidaita-sahu, alhali abincinsa ya ƙaru kuma ya fi na da maiƙo. Ga shi kuma a wurinmu, idan mutum ya ajiye teɓa sai a riƙa yi masa barka cewa ya murje, hutu ya zauna masa. Ni a ganina wannan yabon yana daga cikin abubuwan da suke hana mutane farga da wuri, har sai hawan jini ko ciwon suga ya bayyana.

Kafin ka sauya komai, ka san inda kake tsaye. Ka hau sikeli ka rubuta nauyinka, sannan ka auna tsayinka. Lissafin da likitoci suke amfani da shi shi ne a raba nauyi da tsayi sau tsayi: mutum mai kilo 85 da tsayin mita 1.70, sakamakonsa 29.4 ne. Daga 18.5 zuwa 24.9 shi ne daidai, daga 25 nauyi ya fara wuce kima, daga 30 kuwa an shiga ƙiba sosai. Sai dai awon ƙugu ya fi wannan lissafi faɗin gaskiya, domin kitsen da ya taru a cikin ciki, kewaye da hanta da hanji, shi ne mafi haɗari. Ka ari tef ɗin awo irin na tela, ka tsaya a miƙe da safe kafin karin kumallo, ka zagaya shi a tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin kwankwaso, wajen saitin cibiya, ka saki numfashi ba tare da ka shanye ciki ba, sannan ka karanta. Idan namiji ya kai santimita 94, mace kuma 80, haɗari ya fara. Idan ya kai 102 ga namiji ko 88 ga mace, lamarin ya yi nisa. Hanya mafi sauƙin tunawa ita ce kada ƙugu ya kai rabin tsayinka.

Bayan haka ka je asibiti a auna jininka da sukarinka. Hawan jini ba ya yin sallama, mutum zai iya yawo da awon 140 bisa 90 ko fiye na tsawon shekaru bai ji komai ba. Wanda yake da ciwon zuciya, ko ciwon ƙoda, ko yake jin nauyi a ƙirji idan ya yi sauri, kada ya fara wani atisaye mai ƙarfi sai da shawarar likita. Mai ciwon suga da yake yin allurar insulin ko shan ƙwayoyi irin su glibenclamide yana buƙatar a daidaita masa magani, domin rage abinci tare da motsa jiki yana iya sa sukarinsa ya faɗi ƙasa warwas. Ya riƙa fita da dabino biyu ko uku a aljihu, kuma ya duba tafin ƙafarsa bayan kowane tattaki. Wanda kuma yake ramewa haka kawai ba tare da ya sauya cin abinci ba, wannan ba abin murna ba ne, alama ce ta cuta da ya kamata a bincika.

Kada ka ɗora wa kanka burin komawa jikin samartaka. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi, wato kilo 4 zuwa 8 ga mai kilo 85, ya isa ya sauko da hawan jini da sukari ya kuma sauƙaƙa wa gwiwa. A wani bincike da aka yi a Amurka aka fitar da sakamakonsa a 2002, an bi mutane fiye da 3,000 da suke gab da kamuwa da ciwon suga. Waɗanda aka ɗora a kan burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin ɗari. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne gudun da jiki zai iya jurewa.

Yawancin aikin rage ƙiba a kan kwanon abinci yake, kuma a nan ne ya kamata a fi mai da hankali. Tafiyar sauri ta rabin awa tana ƙona kalori (ma'aunin kuzarin da abinci yake ba jiki) kimanin 150 ga mutum mai kilo 80, alhali robar lemon kwalba ta rabin lita tana ɗauke da fiye da 200, da sukarin da ya kai ƙaramin cokali 12 ko 13. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babba zai sha a wuni kada ya wuce kimanin giram 50, kuma idan ya tsaya a 25 ya fi. Ke nan roba ɗaya ta cinye rabon yini gaba ɗaya. Saboda haka abin sha shi ne farkon abin da za a gyara: lemon kwalba, da maltina da mutane suke ɗauka maganin ƙarin jini ce, da zoɓo da kunun aya da ake tuttula wa sukari, da shayin mai shayi wanda ake zuba wa madarar gwangwani da sukari cokali huɗu. Ba sai ka daina shan shayi ba. Ka rage cokali ɗaya duk mako, harshe zai saba, har wata rana idan aka ba ka irin na da ka ji ya yi maka zaƙi da yawa. Fura da nono abinci ne mai kyau, amma a ɗauke ta a matsayin abinci cikakke, ba abin korawa bayan an ci tuwo ba, kuma a sha ta ba sukari ko da ɗan kaɗan.

Babu buƙatar ka bar tuwo ka koma neman abincin Turawa mai tsada. Abin da ya kamata ya sauya shi ne rabo. A yawancin gidajenmu tuwo ko shinkafa ne yake cika kwano, miya kuma ta zama ɗan abin shafawa. Ka juya wannan tsari: malmala ɗaya madaidaiciya, wadda ba ta fi dunƙulen hannunka ba sosai, da miya mai yawa ta ganye, kuka ko kuɓewa ko alayyafo ko taushe, da yanki na kifi, kaza, nama marar kitse ko ƙwai. Tuwon dawa, gero, acha da masarar da ba a surfe ta fes ba sun fi farar shinkafa da fulawa riƙe ciki. Wake kuwa babu kamarsa a wannan tafiya, ko a dafa shi da alayyafo, ko alale, ko a rinjayar da shi a kan shinkafa idan za a yi garau-garau. Kwaɗon zogale ko na rama da ɗan ƙuli-ƙuli, da kabeji, karas, gurji da tumatir, su ne za su cike gurbin malmala ta biyu, kuma da su ne za a kai giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa da ake so mutum ya ci a rana. Wanda yake cin abinci a tire ɗaya da jama'a zai sha wahalar sanin abin da ya ci, don haka ya fi kyau ya ɗebi nasa a ƙaramin faranti. Hadisin da ya yi umarni a raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi, ma'auni ne da kowa ya sani, aiki da shi ne ya yi ƙaranci.

Mai shi ne ɓarawon da ba a gani. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa, manja ko man shanu yana da kalori kimanin 120, kuma mai girki da take tsiyayawa daga galan kai tsaye cikin tukunya ba ta san ko cokali nawa ta zuba ba. Uwargida, ki ajiye cokali kusa da murhu ki riƙa aunawa, ki kuma rage suya: ƙosai, awara, dankali da doya soyayyu su zama na wani lokaci, ba na kullum ba. Haka gishiri, kada ya wuce giram 5 a rana, wato ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda yake cikin dunƙulen ɗanɗano. Daddawa, citta, tafarnuwa da albasa suna iya ɗaukar rabin aikin. Maigida kuma ya duba al'adar tsire da balangu da taliyar mai shayi bayan sallar isha'i, a kan abincin dare da aka riga aka ci a gida.

Game da shayin rage ƙiba da ake tallatawa a Facebook da TikTok, shawarata a guje shi. Da yawansu ganyen filasko ne ko makamancinsa, gudawa da yawan fitsari suke sa wa, abin da yake fita ruwa ne ba kitse ba, kuma yana komawa da zarar an daina. Akwai kuma waɗanda aka taɓa samun sinadarin sibutramine a cikinsu, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Sai motsa jiki. Babban kuskuren wanda ya taɓa buga ƙwallo a ƙuruciya shi ne ya tashi rana ɗaya ya shiga fili da matasa, ko ya yi gudun kilomita biyar, ya dawo da targaɗe ko ciwon gwiwa da zai zaunar da shi wata biyu. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, amma jijiyoyi da gaɓoɓi suna buƙatar makonni. Ka fara da ƙasa da abin da kake jin za ka iya: tafiyar minti 10 zuwa 15, kwana biyar a mako, da takalmi mai rufi da laushin ƙasa, ba silifa ba. Duk mako ka ƙara minti biyar har ka kai rabin awa, wanda shi ne zai ba ka minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a matsayin mafi ƙaranci. Mai neman rage ƙiba zai fi amfana idan ya matsa zuwa 300. Saurin da ake so shi ne wanda za ka iya amsa gaisuwa da gajeren zance, amma ba za ka iya doguwar hira ba tare da numfashi ya katse ka ba. Sassarfa ta jira sai bayan wata biyu ko uku, kuma a fara ta da minti ɗaya ana gudu, minti biyu ana tafiya. Idan ƙirji ya ɗaure, ko jiri ya ɗebe ka, ko ciwo ya sauka a hannun hagu ko muƙamuƙi, ka tsaya nan take a kai ka asibiti.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar asuba ko gab da magariba, musamman a bazara da zafi yake haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Yamai. Da hunturu, mai asma ya rufe hanci saboda ƙura. Tafiya masallaci mai ɗan nisa da ƙafa, sauka daga abin hawa kafin a kai kasuwa, da zagayen minti goma bayan cin abinci duk suna shiga lissafi. Matan da fita take yi musu wuya za su iya zagaya tsakar gida, ko su haɗa kai da maƙwabta biyu ko uku su riƙa yi tare, domin abokin tafiya shi ne yake tayar da mutum ranar da kasala ta kama shi.

Abin da aka fi mantawa da shi shi ne ƙarfafa tsoka, alhali bayan shekara 30 mutum yana rasa kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari na tsokarsa duk shekara goma, kuma mai rage abinci ba tare da aikin ƙarfi ba yana zubar da tsoka tare da kitse. Ga mata abin ya fi muhimmanci bayan ɗaukewar al'ada, wanda yawanci yake zuwa tsakanin shekara 45 da 55, lokacin da ƙashi yake fara rauni kuma kitse yake komawa ciki. Kwana biyu a mako sun isa, kuma ba sai an je gidan motsa jiki ba. Ka jingina kujera da bango, ka zauna a bakinta, ka harɗe hannuwa a ƙirji, ka miƙe tsaye ba tare da dafa komai ba, sannan ka koma a hankali kamar mai gudun kada kujerar ta yi ƙara; sau goma, a huta, a sake sau goma. Ka dafa bango da tafuka biyu ka riƙa kai ƙirji kusa da shi kana turawa baya. Ka cika galan mai lita biyar da ruwa, wanda nauyinsa kilo biyar ne, ka riƙa ɗagawa ko ka zagaya gida da shi a kowane hannu. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne, amma ciwo mai suka a cikin gaɓa ko kumburi alama ce ta a dakata.

Barci ma yana cikin maganin, domin wanda ba ya samun awa bakwai yakan tashi da yunwa da kwaɗayin zaƙi. Azumin Litinin da Alhamis da na Ramadan suna iya taimakawa, matuƙar buɗa-baki bai zama ramuwar gayya da soye-soye da kunu mai sukari ba. A fara da dabino da ruwa, a yi salla, sannan a ci abinci sau ɗaya cikin natsuwa.

Ka riƙa hawa sikeli sau ɗaya a mako, rana ɗaya, da safe, ka kuma auna ƙugu sau ɗaya a wata ka rubuta a littafi. Bayan wata uku zuwa shida nauyi yakan tsaya cik na ɗan lokaci, saboda jikin da ya ragu ba ya buƙatar abinci kamar da. Idan haka ta faru, kada ka koma kwana da yunwa. Ka rubuta duk abin da ka ci na kwana uku, za ka ga inda sukari ko mai ya sake lallaɓowa, ka ƙara minti goma a kan tattakinka, sannan ka koma asibiti a sake auna jininka da sukarinka, domin mai yiwuwa ne maganin da kake sha ya buƙaci a rage shi.