Yadda ake riƙe tazara a fagen dambe

Ɗan dambe hannu ɗaya yake ɗaurewa da zare, shi ne mashi. Ɗayan da yake miƙawa gaba a buɗe shi ne garkuwa. Sabon shiga yakan ɗauka tare duka kawai garkuwa take yi, alhali babban aikinta awo ne: ita ke gaya maka ko mashinka zai kai, ko kuwa na abokin karawarka ne zai riga ka.

Idan kun miƙa hannu yatsunku ba su haɗu ba, kuna nesa. Ba abin da zai same ka sai ya yi cikakken taku, kuma za ka gan shi yana zuwa. Nan ne wurin mayar da numfashi. Idan tafi ya taɓa tafi, ƙafa ta fara isa, shuri zai iya samun cinya ko haƙarƙari. Idan kuwa wuyan hannunka ya gitta nasa, abin da ya rage rabin taku ne, kamar kamu ɗaya, mashi ya sauka a haɓa. A nan ake kisa, wato kayar da abokin karawa, kuma abin takaici a nan yara suka fi tsayawa suna murɗe yatsun juna. Kada ka daɗe a wurin. Ko ka kai duka, ko ka fice.

Mashi daga baya yake tasowa, ya zagayo kamar lauje, nauyinsa duka yana can ƙarshen zagayen. Saboda haka wuri biyu ne bai da ƙarfi: nesa da shi, da kuma cikinsa. Dogo ya riƙe nesa, ya ɗora tafi a kafaɗar abokin karawa yana tokare shi duk sanda ya so matsowa, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe don kada a ture ta gefe. Gajere kuma shiga zai yi, amma da lokacinta. In kai ne gajeren, ka zuba ido a kafaɗar dogon ta baya. Da ta buɗe, ka sunkuyar da haɓa bayan garkuwa ka faɗa ciki. Damtsensa ne zai daki bayanka, zaren ya wuce. Ka makara da ƙiftawar ido, kai da kanka ka kai fuska inda dukan ya fi zafi.

Ƙafa ke kai mutum, ba miƙa wuya ba. Za ka gaba, ƙafar gaba ta fara, ta baya ta biyo da daidai abin da ta farko ta ci. Za ka baya, ta baya ce ke farawa. Kada su haɗe, kada su harɗe. Wanda ya zura jiki don ya cike tazarar da bai taka ba, idan ya kuskure nauyin hannunsa zai ja shi ƙasa, kuma a dambe hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa kisa ne, ko ba wanda ya buge ka. A kan yashi ka riƙa jan ƙafa kusa da ƙasa, tsalle zamewa yake kawowa.

Ja da baya a miƙe kada ya wuce taku 2, domin mai zuwa gaba ya fi ka sauri, ga 'yan kallo a bayanka. A na ukun ka kauce gefe, nesa da mashinsa. Mai zare a dama, ka zagaya ta damarka. Bahago, ka bi hagunka, ka kuma yi ƙoƙari ƙafarka ta gaba ta zauna a wajen tasa. Wanda ya samu wannan gurbin, hanyar mashinsa ce a buɗe.

Wajen atisaye ku ja layi 3 a ƙasa, kamu ɗaya tsakanin kowanne. Ba zare, ba duka. Ɗaya ya riƙa matsowa yana ja yadda ya ga dama, ɗayan ya riƙe tafi a tafi, kada ya rabu, kada ya gitta. Minti 2, ku canja, har sau 3 kamar turmin dambe, wato zagayen karawa. Bayan mako biyu sai a ƙara taɓa kafaɗa da buɗaɗɗen hannu duk lokacin da wuyan hannu ya gitta, mai koyarwa na tsaye a gefe yana duba sawun ƙafafu a kan yashi.