Fulambago ba ta son gata: kurakuran da ke hana ta fure

Duk wanda ya shigo gidana ya ga shuɗin furen da ya lulluɓe katangar gabas sai ya roƙi reshe. Bayan 'yan watanni kuma ya dawo da ƙorafi iri ɗaya: "Malam, tawa fa ganye kawai take yi." Bakina ya gaji da maimaita amsa, shi ya sa na zauna na rubuta.

Sunanta fulambago, masana tsirrai kuma suna ce mata Plumbago auriculata. Asalinta Afirka ta Kudu ne, inda take fitowa da kanta a jeji ba mai ba ta ruwa. Ita da zafin rana ba sa faɗa. Abin da ke lalata ta a gidajenmu, hidima ce ta yi yawa.

Aski ne ya fara cin amanata. Na ɗauki wani yaro mai gyaran fulawa, hannunsa ya saba da Duranta, shingen nan mai ganye ruwan ɗorawa da ake daddatsewa a gaban ofisoshi. Duk mako biyu sai ya zo da ƙaton almakashinsa ya daidaita mini fulambago tamkar akwati, ni kuma ina tsaye ina yaba masa, har da ƙarin na goro. Damina guda cur ban ga fure ko ɗaya ba. Ashe a kan sabon toho take fitar da fure, can a ƙarshen reshe, daidai wurin da almakashi ke ci. Wato da kuɗina nake biya ana zubar da furen tun bai buɗe ba! Har yau in na wuce gidan da aka yi mata irin wannan aski sai raina ya ɓaci. In shinge mai kusurwa kuke so, ku shuka Duranta ku ƙyale baiwar Allah.

Ni yanzu sau ɗaya nake sare ta a shekara, ƙarshen bazara, da zarar hadari ya fara haɗuwa. Nakan rage ta zuwa ƙuguna, in cire busassun rassa, shi ke nan. Wasu sun fi son yi da hunturu, ban hana su ba. Sai dai a sa safar hannu, ruwan jikinta yana sa wa wasu ƙaiƙayi.

Na biyu shi ne ruwa, kuma wannan ya fi ciwo don har asara na yi. Tushe uku na dasa a ƙarƙashin indararo, cikin ƙasa mai laka, wai don su huta da ƙishi. Da Agusta ta kankama sai ganye ya fara rawaya yana yaushi. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na ƙara musu ruwa da bokiti, a tsakiyar damina fa. Ranar da na tona, saiwar ta yi baƙi ƙirin, tana narkewa a hannu, ga wari kamar na kwata. Jama'a, ba kowane yaushi ne ƙishirwa ba. Kafin ka ɗauki bokiti, tura yatsa cikin ƙasa. In da danshi, ajiye shi. Nakan gauraya yashi da takin shanu wanda ya ruɓe sosai, in tada ɗan tudu, sannan in dasa a kai. Sabuwar dashe tana samun ruwa sau biyu ko uku a mako da rani, wadda ta kafu kuwa sau ɗaya ya ishe ta. Masu sa ta a tukunyar da ba huji a gindi, ku ma wannan maganar taku ce.

Sauran ƙanana ne. Kada a dasa ta a gindin darbejiya ko mangwaro, tana son rana ta aƙalla awa 6, in ba haka ba sai ta yi ta miƙewa siririya ba fure. Takin zamani na yuriya ganye yake ƙara mata kawai. Ruwan wanki mai omo a kai shi kwata. A bar tazarar mita 1 tsakanin tushe da tushe, domin tana 'ya'ya ta ƙarƙashin ƙasa, kuma waɗannan 'ya'yan nake cirewa da saiwarsu in ba masu roƙo, sun fi reshe saurin kamawa.

Sannan a nisanta ta da igiyar shanya. Gindin furenta yana da 'yan gashi masu danƙo da ke manne wa tufa. Yara na jin daɗinsa, suna liƙa shi a kunne a matsayin ɗan kunne, amma uwargida ta taɓa shafe rabin awa tana tsince shi daga jikin farar shaddata ranar Juma'a, ga liman ya kusa hawa mumbari. Washegari da safe igiyar ta koma bayan ɗaki.